Wuƙar Ƙugu da Makomar 'Yan'uwanmu a Kurmi

Kusan babu ɗaya daga cikinmu, ɗalibai da malamai, wanda ba shi da wani nasa a Kurmi. Wani ƙanensa ne ke tura baro a Fatakwal, wani kawunsa ne ke kasa albasa da tattasai a bakin gadar Anaca, wani kuwa mahaifinsa ya shekara ashirin yana gadi a Inugu, kuma da kuɗin gadin nan ake biya masa rajista kowace shekara. Saboda haka duk mun san yadda ake sallamar matafiyi a tasha. Uwa ta ƙullo ƙuli-ƙuli da garin kunu, uba ya yi nasiha ya sa albarka, sa'an nan wani aboki ya ja yaro bayan mota, ya danƙa masa wuƙa cikin kube da wani ƙullin gari da zai dama ya sha, ya raɗa masa cewa can ƙasar ba a zama hannu rabbana. Da wannan aboki muke da magana a yau, shi da duk masu irin tunaninsa, waɗanda ke zaune lafiya a Kano da Katsina da Sakkwato suna zuga na nesa da cewa namiji ba ya gudu.

Matsayinmu a fili yake. Wuƙar da Bahaushe ke sokewa a ƙugu a Fatakwal ko Anaca ko Inugu ba ta kare shi daga mai wuƙa. Abin da take yi masa shi ne ta kusanta shi da abubuwa uku waɗanda ya bar gida yana addu'ar Allah Ya raba shi da su: kabari, da kurkuku, da fushin taron jama'a wanda ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai. Wanda duk ya ba yaro wuƙa ya ce ya ba shi kariya, to ya cuce shi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi.

Kafin a ce mun zauna a inuwar jami'a muna yi wa masu shan rana wa'azi, bari mu yarda cewa tsoron da ke sa a ɗaura wuƙar nan yana da tushe. Zaman mutanenmu a wannan yanki ya daɗe. Mafarautan giwa sun kafa zango a Elele tun ƙarshen ƙarni na 19, kafin Turawa su kafa Fatakwal a 1912 domin fitar da kwal ɗin da aka gano a Inugu a 1909. Da aka gama gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi a 1932, sai hanya ta miƙe, shanu da wake suka riƙa gangarawa, manja yana haurowa. Zumunci ya yi ƙarfi har a shekarun 1950 aka zaɓi Malam Umaru Altine, falken shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Amma wannan tarihi yana da tabo a jikinsa. A Fabrairun 2000 an yi wa 'yan Arewa kisan ramuwar gayya a Aba. A Fabrairun 2006 an yi irinsa a Anaca, aka ƙona masallatai da rumfuna, mutane gommai suka mutu. An taɓa jama'armu a Oyigbo, kusa da Fatakwal, a Satumban 2017, aka kuma sake a Oktoban 2020, har gwamnatin Jihar Ribas ta sa dokar hana fita. A Mayun 2022 'yan bindiga suka kashe wata mata mai ciki, 'yar asalin Adamawa, tare da 'ya'yanta huɗu a Jihar Anambra. Ban da waɗannan manyan masifu, akwai na yau da gobe waɗanda ba sa shiga jarida: ɗan fashin lungu da ke tare mai shayi da asuba, da 'yan ƙungiyar asiri masu karɓar kuɗin ƙasa a kasuwa, da fasinjan da ke zare wa ɗan acaɓa wuƙa idan an kai inda babu mutane. Haɗarin gaskiya ne. Abin da muke musu a kai shi ne maganin da ake sayar wa 'yan'uwanmu.

Mu fara da ƙullin gari. Mu a sashen Hausa ba baƙin tauri ba ne. Muna nazarin kiɗansa da kirarinsa, muna rubuta kundaye a kan 'yan tauri da mafarauta, kuma ba mu raina wannan gado ba. Amma duk wanda ya tsaya a fagen wasan tauri da idon basira ya ga cewa ɗan tauri shi ke riƙe da wuƙar, shi ya san bakinta, shi ya zaɓi inda zai goga da yadda zai goga. Goga kaifi a fata bisa son rai daban, sukar tsini daga hannun wanda ya zo da nufin kisa daban. Idan kuma ƙarfe ya ci wanda ya sha magani, ba a taɓa rasa uzuri ba: ko a ce ya ci abin da aka hana shi, ko a ce an shafa wa wuƙar makari. Mai magani yana nan daram yana karɓar kuɗin wasu, wanda ya sha ne ke kwance ana nema masa jini. Babbar illar tauri a Kurmi ita ce yana cire wa yaro tsoro, alhali tsoron nan shi ke ba ƙafa umarni a lokacin da gudu zai yi amfani. Yaron da ya tabbata ƙarfe ba ya cinsa zai tsaya a inda mai hankali ya riga ya yi nisa.

Bayan mai magani sai malamin dabara. Da can finafinan Indiya da na Sin ne suka koya wa samarinmu cewa ana iya cafke hannun mai wuƙa a murɗe, wuƙa ta faɗi, a ci gaba da tafiya riga ko ƙura ba ta yi ba. Yanzu wayar hannu ta gaji wannan aiki, ana ta yaɗa hotunan bidiyo na yadda ake ƙwace wuƙa cikin motsi uku. A cikin irin wannan hoto, mai kawo hari yakan tsaya nesa, ya nuna wuƙarsa, ya kawo suka sau ɗaya a hankali, sa'an nan ya bar hannunsa a miƙe yana jiran a kama. Ba haka ake yi a lungun Diobu da ƙarfe biyun dare ba. Mai nufin suka ba ya sallama. Yakan ɓoye wuƙar sai ya matso, ya ci kwalar riga da hannu ɗaya, ya yi ta kai suka da ɗayan babu ƙaƙƙautawa. A 1983 wani ɗan sandan Amurka mai suna Dennis Tueller ya auna ya nuna cewa mutum mai lafiya yana iya cinye tazarar ƙafa 21, wato kimanin mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Ya yi wannan awo ne domin ya faɗakar da 'yan sandan da ke rataye da bindiga, waɗanda aka horar, cewa mai wuƙa zai iya cim musu kafin su zaro ta. To ina ga mai tura baro da ya wuni yana aiki, wanda wuƙarsa ke cikin kube, kuben kuma a ƙarƙashin riga?

Mu ɗauka ma ya yi sa'a ya zaro. Me ya ƙaru? Wuƙa ba garkuwa ba ce, ba ta tare wata wuƙa. Inda aka zare biyu, mutum biyu ne za su zubar da jini. Jinin da ke jikin babban mutum kimanin lita biyar ne, kuma idan aka tsinke babbar jijiyar wuya ko ta cinya, mintoci kaɗan sun isa rai ya yi halinsa. Wanda ake cewa ya yi nasara a faɗan wuƙa sau da yawa shi ne wanda ya kai ƙofar asibiti kafin ya cika. Bugu da ƙari, wuƙar ƙugu tana sauya halin mai ita. Gardamar canjin Naira ɗari, wadda da a zagi za ta ƙare, ko ta yi tsanani a yi mari a raba, sai ta ƙare da gawa, domin hannu ya san akwai abin da zai lalubo. Mai neman abinci da ya fita da asuba ba da nufin taɓa kowa ba, kafin azahar ya zama mai kisan kai.

Daga nan sai shari'a, wadda masu zuga ba sa ambata ko kaɗan. Gaskiya ne sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare kansa da dukiyarsa, amma da sharaɗin ƙarfin da ya yi amfani da shi kada ya wuce abin da larura ta wajabta. Dokar hukunta laifuffuka da jihohin Kudu ke bi ta ƙara fayyacewa cewa ba a kai wa ga ƙarfin da zai iya kisa sai mutum ya ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni, kuma ya ga babu wata hanyar tsira. Wanda ke ganin wannan maganar takarda ce kawai, ya tuna shari'ar manomin nan na Jihar Adamawa. Ya shaida wa kotu cewa wani makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gonarsa, ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya soke shi, makiyayin ya mutu. Babbar Kotun Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025, bisa hujjar cewa tunda ya ƙwace makamin, yana da damar gudu. Jama'a da yawa sun ga hukuncin ya yi tsauri, har ɗaya daga cikin alƙalan ba ta yarda da shi ba, kuma afuwar gwamna ce ta fitar da shi a Disambar 2025, bayan ya yi kimanin shekara goma a tsare. Mai karatu ya lura: wannan mutum a gonarsa yake, a ƙasarsu, kuma wuƙar ma ba tasa ba ce. To yaya makomar baƙon da aka samu da wuƙarsa a hannu, a garin da ba ya jin harshen alƙali, ba shi da lauya, shaidu kuma duk dangin mamaci ne?

Ƙofa ta uku ta fi sauran muni. A ƙarshen Maris 2025, matafiya 16, mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. 'Yan sintiri suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe su ya ƙona. Ba su da laifi, kayan sana'arsu suka ɗauko, kuma alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su har gaban Allah. Amma darasin da ke ciki ba ya ɓuya: a yanayin da ake ciki, ƙarfe a jikin ɗan Arewa a Kudu ya zama hujjar da mugu ke nema. Idan kuwa yaronmu ya soki ɗan gari a kasuwa, ko da shi aka fara zalunta, labarin da zai zaga gari kafin la'asar shi ne Bahaushe ya kashe mutum. Ba za a tambayi sunansa ba. Rumfar mai tumatir za a ƙona, da teburin mai tsire, da ɗakin tsohon da ya shekara arba'in a Ama Hausa ta Inugu bai taɓa faɗa da kowa ba. Wuƙar mutum ɗaya ce, amma unguwa ce za ta biya.

Mun san abin da abokin nan na tasha zai ce. Zai ce addini ya halatta kare kai, wanda kuma aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Haka ne. Amma malaman fiƙihunmu na Malikiyya da suka yi bayanin tunkuɗe maƙetaci sun sa tsari a cikinsa: a fara da gargaɗi idan hali ya yi, a bi hanya mafi sauƙi da za ta kawar da sharrin, kada a tsallaka zuwa kisa alhali abin da bai kai shi ba zai wadatar. Halatta wa mutum kare kansa ba umarni ba ne ya sayar da ransa a kan wayar hannu. Zai kuma ce gudu abin kunya ne. Hausawan da suka san daji su suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Abin kunya na haƙiƙa shi ne a kawo wa uwa labarin ɗanta a waya, a bar mata marayu uku, saboda ya ƙi sakin cinikin wuni ɗaya. Zai ce 'yan sanda ba sa zuwa sai an gama. Wannan ma ba mu musa ba. Amma rashin ɗan sanda ba ya mai da wuƙa garkuwa. Abin da yake wajabtawa shi ne a yi shirin da ya fi wuƙa ƙarfi.

Ga abin da ya kamata a raɗa wa yaro a bayan mota. Idan mai wuƙa kuɗi yake so, ko waya, ko babur, a ba shi, a jefa masa gefe guda a bi ɗaya gefen. Abin da hannu ya nema, hannu zai sake nemowa. Idan akwai hanya, to ƙafa me na ci ban ba ki ba, a nufi inda haske da mutane suke, ana ihu da harshen da masu gari za su gane. Idan hanya ta toshe, a sa wani abu tsakani: benci, ko baro, ko tebur, ko babur ɗin kansa, domin tazara ita ce maƙiyar wuƙa. Kujera ko doguwar sanda ta fi wuƙa amfani a nan, tunda tana tsare mutum daga nesa. A naɗe riga ko buhu a hannu, a kare wuya da ƙirji da ciki, a kuma sani cewa yanka a bayan hannu ya fi suka a ciki sauƙi. Kada a yi kokawar ƙwace wuƙa da hannu. Manufa ɗaya ce, a sami kafar fita, da ta samu kuma a fita, kada a koma rama. Akwai lokacin da gudu ba ya yiwuwa, kamar a ce mutum yana tare da iyali ko tsoho. A nan tsayawa ta zama dole, shari'a da addini duk suna bayansa, amma ko a nan ɗin, da zarar haɗari ya kau, hannu ya tsaya.

Akwai kuma ilimin da ya fi tauri amfani nesa ba kusa ba, wanda ba ya cin ko kwabo, wato tsai da jini. Wanda aka soka sau da yawa yakan ɗauka naushi ne, saboda haka bayan an rabu a duba jiki. A danne rauni da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Idan wuƙar na jiki kada a zare ta, domin wataƙila ita ta toshe jijiyar. Idan a hannu ne ko ƙafa kuma jini ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin tamau, a riƙe lokacin da aka ɗaure domin a gaya wa likita. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki. A garzaya asibiti. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, lambar kiran gaggawa ta ƙasa kuwa ita ce 112. Muna tambaya: a cikin ƙungiyoyin mahauta da 'yan acaɓa da masu baro da ke Fatakwal da Anaca da Inugu, nawa ne suka taɓa gayyato ma'aikacin jinya ya koya wa 'ya'yansu wannan, ko da na wuni ɗaya?

Wannan tambaya ta kawo mu ga shugabanni. A duk waɗannan garuruwa akwai Sarkin Hausawa, akwai limamai, akwai shugabannin kasuwar shanu da ta gwari, ana kuma karɓar kuɗin ƙungiya. Sarauta ba ta ƙare a rawani da tarbar ɗan siyasa ba. Ya kamata kowane zango ya san wanda ya sauka a cikinsa, daga ina ya zo, wa ya tsaya masa. Ya kamata a yi asusun asibiti da na lauya, domin kada yaro ya ruɓe a gidan yari saboda rashin mai beli. A sa fitilu a lunguna, a raba usur, a yi sintirin dare tare da masu gari da sanin hukuma, domin ɗan fashin da ke addabar baƙo shi ke addabar ɗan gari. Mahauci da mai tsire da mai yankan farce su bar ƙarfensu a wurin sana'a. Ɗan dabar da ya gudo daga Kano, ko ɗan sara-suka da ya tsero daga Bauci, kada a ɓoye shi da sunan 'yan'uwantaka, domin shi ne zai jawo wa unguwa wuta. Sa'an nan a koyi harshe. Abin takaici ne mutum ya shekara goma a Anaca bai iya gaisuwar Ibo ba, alhali ɗan Ibo na Sabon Garin Kano yana zuba karin magana da Hausa. Maƙwabcin da ka je jana'izar mahaifinsa, shi ne zai buɗe maka ƙofa ranar da gari ya rikice. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A Anaca a 2006, waɗanda suka tsira sun tsira ne ta hanyar shiga barikin soja, ko tsallaka gadar Kwara zuwa Asaba. Wuƙar ƙugu ba ta tare taron dubbai.

Saura magana mafi ɗaci, wadda ta shafe mu mu da ke gida. Wuƙar da ake soka wa Bahaushe a Kurmi, sau da yawa a Arewa aka wasa ta. Kisan Aba na 2000 ya biyo bayan rikicin Kaduna ne. Na Anaca na 2006 ya biyo bayan abin da aka yi wa Kirista, da yawansu Ibo, a Maiduguri ranar 18 ga Fabrairu, a kan zanen ɓatancin da aka yi a Denmark, ƙasar da mai tura baro bai san inda take ba. Kafin waɗannan duka akwai 1966, lokacin da aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, aka kuma kori 'yan Arewa daga Gabas, wasu ba su iso gida ba, daga bisani ƙasa ta faɗa yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa. Daga baya sun janye, amma a tsakanin nan waye ya kwana da ido ɗaya? Ba masu sanarwar ba ne. Mai shayin Diobu ne da mai gadin Inugu. Ba muna wanke masu ramuwar gayya ba ne, domin wanda ya kashe marar laifi a Anaca azzalumi ne daidai da wanda ya kashe marar laifi a Maiduguri. Abin da muke cewa shi ne, duk wanda ya ɗaga hannu a kan baƙo a Kano ko Kaduna, ya sani ƙanen wani daga cikinmu ya ɗaga wa a Fatakwal. Tsare shagon ɗan Ibo a Sabon Gari yana daga cikin kare kan Bahaushen Kurmi, kuma wannan aiki yana hannunmu.

Mu 'yan boko ma ba mu kuɓuta ba. Mu ne masu rubutu, mu ne masu magana a rediyo, mu ne masu tura hoton gawa a WhatsApp da Facebook ba tare da mun san ko na bana ne ko na shekara biyar da ta wuce ba, ko ma na wata ƙasa ne. Mu ne ke rubuta labarin da jarumi ke karya wuƙa da ƙirji, yaran makaranta su karanta su ɗauka haka duniya take. Kowane kiran a rama da ɗalibi ya rubuta yana kwance a ɗakin kwanan jami'a, akwai wanda zai biya kuɗinsa da jini a wani gari mai nisan kwana guda a mota. Idan iliminmu bai kai mu ga auna magana kafin mu sake ta ba, to ba mu fi mai ƙullin gari ba, sai dai shi da turmi yake daka nasa, mu kuwa da alƙalami.

Saboda haka gobe idan za a raka ƙane tasha, a bar kube a gida. A rubuta masa lambar wayar Sarkin Hausawan garin da za shi, da ta wani dattijo da zai tsaya masa. A koya masa yadda ake danne rauni. A gaya masa ya koyi gaisuwar mutanen da zai zauna cikinsu kafin ya koyi ƙirgan kuɗinsu. A kuma faɗa masa a gaban abokansa, da babbar murya, cewa idan an zare masa wuƙa ya saki abin hannunsa ya gudu, babu wanda zai yi masa gori a gida, domin shi muke jira ya dawo Sallah, ba kayansa ba.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya ba su abin da suka je nema, Ya dawo mana da su lafiya. Amin.